Kafin A Canza Sifikar Waya: Yadda Ciwon Suga Ke Rage Jin Kunne, Da Na'urorin Da Ke Iya Gano Haka Da Wuri

A ɗauki misalin dillalin albasa a Aliero, ɗan shekara 50 da 'yan kai, wanda rabin cinikinsa a waya yake yin sa: direban da ya ɗauki kaya zuwa Legas, mai saye a Onica, manomin da ke son jin nawa buhu ya kwana. Sannu a hankali ya fara jin muryar mutane a waya kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ya ƙure sautin wayar, bai gamsu ba. Ya koma buɗe sifika, har kowa a rumfa yana jin sirrin cinikinsa. Ya ɗora laifin kan sabis, daga baya ya kai wayar Jega aka canza mata sifika, ƙarshe ya haƙura ya sayi sabuwa. Matsalar tana nan inda take. Wannan mutum shekara 8 ke nan yana shan maganin ciwon suga, kuma duk zuwansa asibiti ana auna masa hawan jini, a duba ƙafa, wani lokaci a tura shi wajen likitan ido. Ba a taɓa tambayarsa yadda yake ji ba, shi ma bai taɓa kawo wa ransa cewa sugan da ke jininsa yana da hannu a abin da ke faruwa da wayarsa ba.

Yawancin masu ciwon suga sun san yana taɓa ido da ƙoda da ƙafa. Kunne ne aka fi mantawa da shi, alhali kuwa shi ma yana cikin jerin.

Abin da bincike ya gano

Zancen ba sabo ba ne. Tun a 1857 wani likita mai suna Jordao ya rubuta labarin majinyacin da ke da ciwon suga tare da raunin ji. Amma binciken da ya sa likitoci suka ɗauki lamarin da gaske shi ne wanda Kathleen Bainbridge da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2008, a mujallar Annals of Internal Medicine. Sun duba sakamakon gwajin kunne na mutum 5,140 masu shekara 20 zuwa 69, wanda aka tattara tsakanin 1999 da 2004. A ɓangaren kakkauran sauti da matsakaici, kashi 21 cikin 100 na masu ciwon suga suna da raunin ji, a marasa ciwon kuwa kashi 9 ne kawai. A ɓangaren siririn sauti, kashi 54 ne a masu ciwon, kashi 32 a marasa shi. Bambancin bai gushe ba ko da aka cire tasirin shekaru da aiki cikin ƙara da shan taba.

A 2013 Chika Horikawa da wasu masana a Japan suka haɗa bincike 13 da suka ƙunshi mutum sama da 20,000, suka sami kusan abu ɗaya: yiwuwar samun raunin ji a mai ciwon suga ta ninka ta wanda ba shi da shi sau biyu da ɗan ɗoriya. Abin lura a nan shi ne alaƙar ta fi ƙarfi a 'yan ƙasa da shekara 60, wato ba a iya jingina ta ga tsufa kaɗai. A nan gida Najeriya, likitoci a Ilorin sun fitar da nasu a 2005, inda suka ga masu ciwon suga nau'i na biyu sun fi takwarorinsu rashin jin sauti a gwaji.

Sai dai "ninki biyu" shi ne adadin da ya fi shiga kanun labarai, kuma yana da kyau a san cewa ba duk bincike ne ya kai can ba. A Koriya ta Kudu an bi diddigin mutum sama da 250,000 na tsawon shekaru, aka fitar da sakamako a 2017 cewa haɗarin ya ƙaru da kimanin kashi ɗaya bisa uku. Wani da aka yi a Amurka a 2018 kan masu nau'i na ɗaya waɗanda suka daɗe ƙarƙashin kulawa ta ƙwarai bai ga wani bambanci a zo a gani tsakaninsu da mazajensu ko matansu marasa ciwon ba. Amma a cikin masu ciwon kansu, waɗanda sugansu ya fi daɗewa a sama su ne suka fi raunin ji. Wannan sakamakon ya fi kowanne amfani ga mai ciwon, domin yana nuna cewa yawan sugan da tsawon lokacin da ya ɗauka a sama su ne ke yin ɓarnar.

Kunne makirufo ne mai batir da waya

Mai karatun da ya taɓa buɗe bayan waya zai fi saurin gane yadda abin yake. Sauti yana shiga ramin kunne ya girgiza dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa wanda bai wuce ƙwayar wake ba. A cikin katantanwar akwai ruwa, da wasu ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, kimanin 15,000 a kowane kunne. Idan ruwan ya motsa gasun sukan lanƙwashe, su mayar da motsin saƙon lantarki. Jijiyar ji ta ɗauki saƙon ta kai ƙwaƙwalwa. Makirufo ke nan da wayarsa.

Batirin yana jikin bangon katantanwar: wani siririn layi ne cike da ƙananan jijiyoyin jini, wanda ke tura sinadarin fotashiyam cikin ruwan ba dare ba rana, ya riƙe ƙarfin lantarki na kimanin miliboli 80. Idan wannan caji ya sauka, gasun ba sa amsa ƙaramin sauti. Kuma aiki ne mai cin jini da iska sosai, ga shi jijiyar jini ƙwaya ɗaya tak ke shayar da katantanwar, ba ta da wata hanyar ko-ta-kwana.

Suga mai yawa a jini, idan ya daɗe, yana kaurara bangon ƙananan jijiyoyin jini ya ƙuntata hanyarsu. Abin da yake yi a bayan ido da cikin ƙoda ke nan. Masu binciken da suka duba ƙasusuwan kunnen mamatan da suka yi fama da ciwon sun ga haka a zahiri: bangon jijiyoyin ya yi kauri, layin batirin ya kankance, gasun da ke bakin katantanwar sun ragu. Ta ɗaya gefen kuma, yadda ciwon ke lalata jijiyoyin saƙo na ƙafa har mutum ya taka ƙaya bai ji ba, haka yake iya taɓa jijiyar ji. Batir yana rauni, wayar tana zagwanyewa. Bambancin kunne da wayar hannu shi ne, a jikin ɗan Adam gasun nan ba sa sake tsirowa idan sun mutu, kuma babu kasuwar da ake sayar da su.

Gasun da ke bakin katantanwar su ne masu kama siririn sauti, kuma su suka fi saurin lalacewa. Shi ya sa mai matsalar ba ya jin cewa ya kurmance. Yana jin ƙarar babur da kiran sallah da tsawa. Wasula da karin sautin Hausa, hawa da saukar murya, duk suna tafiya ne a kakkauran sauti, don haka yana jin cewa ana magana, har ya gane wa ke yi. Abin da ke ɓace masa su ne baƙaƙe irin su s, sh, ts, f da c. Sai "tsaya" ta koma "saya", "sha" ta koma "sa", "tsara" ta koma "tara". A ɗaki shiru, fuska da fuska, yana cike giɓin da kallon baki. A kasuwar Jega ko wajen ɗaurin aure, ko a waya inda ba ya ganin bakin mai magana, nan asirin ke tonuwa. Muryar mata da ta yara ta fi siranta, don haka sau da yawa uwargida da jikoki ne ke fara ƙorafin cewa maigida yana share su. Wasu kuma sukan riƙa jin ƙugi ko kukan gyare a kunne, musamman da dare.

Akwai wani nau'i da ba shi da yawa, kimanin 1 cikin 100 na masu ciwon suga, inda ciwon da kurumta suke zuwa tare ta gado daga wajen uwa kaɗai. Gidan da uwa da 'ya'yanta da dama suka haɗa abubuwan biyu tun suna matasa, kuma ba masu ƙiba ba, ya kamata a gaya wa likita wannan tarihin.

Me ya sa zancen ya shafi Jega da Aliero da Maiyama

Binciken da Andrew Uloko na Kano da abokansa suka tattara a 2018 ya ƙiyasta masu ciwon suga a Najeriya da kashi 5.77 cikin 100 na manya, a Arewa maso Yamma kuma kashi 3. Aikin da likitocin Sakkwato suka yi a tsakanin Fulani ya nuna yadda zaman gari ke sauya lissafin: ƙasa da kashi 1 a karkara, sama da kashi 4 a birni. Garuruwan nan uku suna kan titi ɗaya, babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, kuma rayuwarsu tana tafiya ne daga ta ƙauye zuwa ta gari: babur ya maye tafiyar ƙafa, shayi mai suga da lemon kwalba sun zama na kullum. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya kuma ta ce sama da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba.

Ga kuma ƙara. Noman rani na shinkafa da albasa a fadamun yankin da injin ban-ruwa ake yin sa, manomi ya wuni a gefensa. Akwai injin casar shinkafa, injin niƙa, janaretan mai cajin waya da mai walda, da lasifikar biki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kunnen babba yana iya ɗaukar desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, ta yadda a desibel 90 awa 4 ne kawai a mako. A kusa da injin niƙa ƙarar takan haura 90. Ƙara tana kashe gasun nan da suga ke raunanawa, kuma gwaje-gwajen da aka yi kan ɓeraye masu ciwon sun nuna kunnensu ya fi wahalar murmurewa bayan ƙara mai ƙarfi. Mai injin niƙa a Maiyama da ke da ciwon suga, kunnensa yana shan duka ta fuska biyu.

Na uku shi ne magani. Mai ciwon suga yakan yi gyambon ƙafa da maruru da ciwon sanyin fitsari, kuma allurar jentamaisin tana da arha, tana kusan kowane kemis. Ita da danginta irin su siteraftomaisin suna cikin magungunan da aka tabbatar suna kashe gasun kunne, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. Ƙoda ce ke fitar da su daga jiki, don haka idan suga ya riga ya taɓa ƙodar sai maganin ya taru a jini. Kwinin da manyan allurai na wasu magungunan sa fitsari su ma suna taɓa ji. Akwai lokacin da likita zai ga babu makawa sai da su, ya auna ƙoda ya ƙayyade kwanaki. Abin gudu shi ne mutum ya rubuta wa kansa.

Sai sakace kunne da tsinke ko gashin kaza ko kan ashana. A mai lafiya ƙaramar ƙujewa ce. A dattijo mai ciwon suga tana iya buɗe ƙofa ga wata ƙwayar cuta da ke cin ramin kunne har ta shiga ƙashin kai. Alamarta ciwon kunne mai tsanani da ke hana barci, da ruwa mai fita, wanda maganin ɗigawa bai kwantar ba. Iyafis mai shiga can cikin kunne, da ake karɓar aro ana sawa da gumi, shi ma yana ɗaukar datti daga kunne zuwa kunne.

Na'urar farko: ta gwajin suga

Tunda tsawon zaman suga a sama shi ne tushen ɓarnar, na'urar da ta fi kare kunne ita ce ƙaramar na'urar gwajin suga, irin su Accu-Chek da takwarorinta. Idan an gwada da safe kafin a ci komai, 126 mg/dL zuwa sama, a gwaji biyu, yana nuna ciwon suga. Tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne. Wasu na'urorin da mmol/L suke nunawa, sai a ninka da 18: wato 7.0 daidai take da 126. Mutane da dama sun ruɗe a nan, suna ganin 9 su ɗauka sugansu ya faɗi ƙasa.

Abin da ya shafi Kebbi musamman shi ne zafi. Yawancin tsinkayen gwajin an rubuta a jikin robarsu kada a ajiye su a inda ya wuce digiri 30, alhali a watan Afrilu zafin yankin yana haura 40. Tsinken da ya wuni a aljihun babur ko gaban mota yana iya ba da lambar ƙarya. A rufe robar da zarar an zaro ɗaya, a ajiye ta a ɗaki mafi sanyi. Gwajin HbA1c da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje shi ke nuna matsakaicin suga na kusan wata 3, kuma shi ne ya fi faɗin gaskiyar abin da kunne ke sha.

Gwajin kunne a wayar hannu

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da manhajar hearWHO, kyauta a Play Store da App Store. An gina ta ne kan fasahar da masana a Firetoriya ta Afirka ta Kudu suka taimaka wajen haɓakawa. Za a sa iyafis a kunne biyu a wuri shiru, manhajar ta riƙa faɗin lambobi uku-uku a cikin shuuu na hayaniya, mutum yana danna abin da ya ji, har sau 23. Tana ƙara hayaniyar ko ta rage gwargwadon amsarsa, a ƙarshe ta ba da maki. Sama da 75 ji lafiya lau. Ƙasa da 50 akwai alamar rauni, a nemi asibiti. Wanda ya faɗo tsakani ya riƙa maimaitawa. Dabarar tana da kyau domin ainihin abin da ke fara ɓacewa take aunawa, wato rarrabe magana a cikin hayaniya. Babu Hausa a cikinta, amma lambobin Turanci daga sifili zuwa tara ba baƙi ba ne ga wanda ya saba karanto lambar waya ko ta asusun banki. Akwai kuma hearWHO Pro da aka yi don ma'aikatan lafiya su gwada mutane da yawa. Jega tana da kwalejin kimiyya da fasahar lafiya ta jiha, Aliero tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006. Ɗalibi ɗaya da waya da iyafis mai kyau zai iya gwada masu jiran layi a ranar asibitin masu ciwon suga ba tare da an sayi wata na'ura ba.

Manhajojin auna ƙara su ma suna da amfani, duk da makirufon Tecno ko itel ba a daidaita shi don wannan aikin ba. A ɗauki lambarsu a matsayin ƙiyasi. Gwajin da ba ya buƙatar waya shi ne: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar wurin ta kai ta yi illa. Matoshin kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'anta, ba shi da tsada.

Ga wanda jinsa ya riga ya ragu, Android tana da Sound Amplifier na Google, mai amfani da makirufon wayar ya tace hayaniya ya ƙara siririn sauti zuwa iyafis. Wayoyin Samsung suna da Adapt Sound. A Satumban 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince AirPods Pro 2 su yi aikin na'urar taimaka wa ji ga masu rauni kaɗan zuwa matsakaici, sai dai sai da iPhone ko iPad, ga tsada, kuma ba a kowace ƙasa aka buɗe tsarin ba.

Inda ya kamata a yi taka-tsantsan shi ne ƙananan na'urorin ƙara sauti masu arha da ake tallatawa a intanet da sunan maganin kurumta. Yawancinsu komai suke ɗagawa bai ɗaya, ƙarar janareta da muryar mutum. Mai raunin siririn sauti zai ji duniya ta ƙara hayaniya, maganar kuma ba ta fito ba, kuma idan ya ƙure ta yana iya ƙarasa gasun da suka rage. Na'urar ji ta gaskiya ana saita ta ne da kwamfuta bisa sakamakon gwajin kunnen mai ita, ta ɗaga inda ya rasa ta bar inda yake ji. Kafin a saya a tambayi inda za a riƙa samun batirinta da wanda zai gyara ta, domin ƙurar hunturu da gumin bazara suna toshe ta. Mai caji ta fi sauƙi ga wanda ke da sola a gida.

Raunin ji yana komawa ya dagula kula da sugan kansa. Idan ma'aikacin lafiya ya ce a yi insulin "sha shida" a waya, wanda "sh" ke ɓace masa yana iya jin "shida", ko ya ji akasin haka. A nemi a rubuta adadin magani a takarda ko a turo shi a rubuce ta WhatsApp maimakon saƙon murya. Masu amfani da na'urar mannawa a dantse irin FreeStyle Libre, nau'in da ke da ƙararrawar faɗuwar suga, su kunna girgiza tare da sauti, domin ƙararrawar siririya ce.

Inda aikin waya ya ƙare

Manhaja tana nuna alama ne kawai. Ba ta ganin cikin kunne, kuma wani lokaci duk matsalar dauɗa ce ta toshe ramin, wadda ma'aikacin lafiya a babban asibitin Jega ko Aliero ko Maiyama zai iya gani da fitilar duba kunne. Cikakken gwaji, inda ake auna kowane sauti a kowane kunne a zana shi a takarda, aikin sashen kunne da hanci da maƙogwaro ne. Daga Jega, Birnin Kebbi ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba ta Kalgo, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma yana Sakkwato. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa tana Kaduna tun 1999. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba masu ciwon suga shawarar gwada ji sau ɗaya a shekara, kamar yadda ake yi wa ido, kuma gwajin farko yana da amfani ko da mutum yana ji garau, don a sami abin kwatantawa daga baya.

Abu ɗaya ne ba ya jiran ranar asibiti. Idan mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke, ko ya ɗauke cikin kwana uku, da ƙugi ko jiri ko babu, wannan na gaggawa ne. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki a cikin mako biyu na farko, kuma da wuri ya fi. Maganin nau'in sitiroyid ne, wanda ke harba suga sama sosai, don haka mai ciwon suga ba zai saye shi a kemis ya sha ba. Likita ne zai ba shi yana auna sugan kullum yana gyara adadin insulin ko ƙwayoyi, ko kuma ya zaɓi yin allurar ta cikin dodon kunne don kada maganin ya bi jini sosai.